Josh Gibson: gwanin besbol da launin fata ya hana shiga wasan zakaru na Amurka

Masu son kokowa a Gidan Rumji, Agye da Gazawa sun san abin da gasar takobi take nufi. Tun 1975, lokacin da aka fara ta a Tawa, kowace jiha ke tura gwanayenta, kuma a nan ne ake gane wanda ya fi. Ɗan kokowar da aka hana shiga wannan fili, komai ƙarfinsa, sunansa ba zai wuce bakin mutanen garinsu ba. Abin da ya faru da Josh Gibson ke nan a Amurka, a wasan besbol, inda ake jefo wa mutum ƙwallo ya buge ta da gora.

An haifi Gibson ranar 21 ga Disamba 1911 a Buena Vista, wani ƙaramin gari a jihar Jojiya da ke kudancin Amurka. Mahaifinsa ya bi sahun dubban baƙaƙen fata da suka bar gonakin kudu zuwa masana'antun arewa, ya samu aiki a kamfanin ƙarfe a birnin Pittsburgh, sannan ya ɗauko iyalinsa. Yaron ya fara koyon aikin lantarki, ya yi ƴan ayyukan neman abinci, yana buga besbol a unguwa idan ya tashi aiki.

A 1930 ƙungiyar Homestead Grays ta ɗauke shi, yana ɗan shekara 18. Akwai labarin da ake yawan bayarwa cewa daga cikin ƴan kallo aka kira shi wani dare bayan mai tsaron ƙungiyar ya ji rauni a hannu, amma masana tarihin wasan sun nuna cewa shugabannin Grays sun daɗe da sanya masa ido. A watan Agusta na wannan shekarar matarsa Helen ta rasu wajen haihuwar tagwaye. Jariran sun rayu, dangin matar suka rene su, shi kuwa ya koma kan hanya da ƙungiyarsa.

Aikinsa a fili shi ne tsugunawa bayan mai bugu yana cafke ƙwallon da aka jefo, aikin da ke cinye gwiwoyi. Amma da gora ya yi suna. A besbol, bugu mafi daraja shi ne wanda ke sa ƙwallo ta tsallake katangar fili gaba ɗaya, kuma a wannan fanni ne aka riƙa kiransa Babe Ruth na baƙaƙe, wato ana kwatanta shi da babban gwanin fararen fata na zamanin. Magoya bayansa kuwa sukan juya zancen, su mai da Ruth Gibson na farare.

Ba a taɓa barin su biyun sun gwada ƙarfi a gasa ɗaya ba. Tun ƙarshen ƙarni na 19 masu manyan ƙungiyoyi suka rufe ƙofa ga baƙar fata. Babu wata doka a rubuce, yarjejeniya ce kawai a tsakaninsu, kuma ta riƙe fiye da shekara hamsin. Baƙaƙe suka kafa gasanninsu, da ƙungiyoyinsu, da motocin da ke kai su gari-gari.

A 1933, ana tsakiyar matsin tattalin arziki, birnin Chicago ya shirya baje kolin duniya. Arch Ward, editan wasanni na jaridar Chicago Tribune, ya kawo shawarar a dakatar da gasa a tsakiyar kaka a haɗa gwanayen manyan gasanni biyu su kara. An yi wasan ranar 6 ga Yuli a filin Comiskey Park, gaban mutum fiye da 47,000. Babe Ruth ya buga ƙwallo ta tsallake katanga, ɓangarensa ya ci 4 da 2. An shirya shi ne a matsayin wasan sau ɗaya, sai ga shi ya zama al'ada har yau. A cikin waɗanda aka kira zakarun ƙasa a ranar babu baƙar fata ko ɗaya.

Wata biyu bayan haka, ranar 10 ga Satumba, a wannan fili dai, baƙaƙe suka yi nasu. Gus Greenlee, mai ƙungiyar Pittsburgh Crawfords wadda Gibson ya koma tun 1932, yana cikin waɗanda suka ƙirƙiro shi. An sa masa suna wasan Gabas da Yamma. Masu karanta jaridun baƙaƙe, musamman Chicago Defender da Pittsburgh Courier, su ne ke zaɓen ƴan wasa ta hanyar aika ƙuri'a. Kusan mutum 20,000 suka zo na farkon. Kafin a daɗe ya zama biki: jiragen ƙasa na kawo mutane daga jihohi masu nisa, kowa da kayan ado. A 1943 ƴan kallo sun haura 51,000, adadin da ya zarce na wasan zakarun farare na wannan shekarar.

Wannan yini guda a shekara shi ne takobin Gibson, kuma sau 12 ya shiga. Na 1935 ne aka fi tunawa. Ya yi bugu huɗu masu kyau, wasa ya ƙi ƙarewa har aka shiga ƙarin lokaci. A zagaye na 11 mai jifa na Gabas, Martín Dihigo ɗan Kuba, ya ƙi yarda ya jefa masa ƙwallon da za ta bugu, ya gwammace ya bar shi ya wuce kyauta don ya fuskanci na bayansa. Na bayan, Mule Suttles, ya buga ta tsallake katanga, Yamma ta ci 11 da 8. Suttles ne ya samu tafi, amma tsoron Gibson ne ya buɗe masa hanya.

Inda ƙasarsa ta ƙi shi, maƙwabta sun karɓe shi. A 1937 ya buga wa ƙungiyar da shugaban kama-karya Rafael Trujillo ya haɗa a Jamhuriyar Dominika. A 1940 da 1941 yana Veracruz ta Meziko, inda baƙi da fari ke wasa tare kuma albashi ya fi na gida. Ya yi wasa a Kuba da Puerto Rico. Da ya dawo Grays, ƙungiyar na buga yawancin wasanninta a filin Washington Senators, ta farare. Mai wannan ƙungiya, Clark Griffith, ya taɓa kiran Gibson da abokin wasansa Buck Leonard ofishinsa suka tattauna, amma bai ɗauke su ba. Kuɗin hayar fili da yake karɓa daga Grays ba kaɗan ba ne, kuma ɗauke musu gwanaye zai rage masa wannan kuɗin.

A farkon 1943 Gibson ya suma, aka kai shi asibiti, likitoci suka gano ƙari a ƙwaƙwalwarsa. Ya ƙi yarda a yi masa tiyata. Ya ci gaba da wasa da ciwon kai mai tsanani, shan giya ya ƙaru, gwiwoyi suka lalace. Abin mamaki, wannan shekarar ce ta fi kowace kyau a rayuwarsa ta wasa: cikin kowane gwaji 1,000, ya yi nasara a 466.

A Oktoba 1945 Branch Rickey na Brooklyn Dodgers ya sa hannu da Jackie Robinson, ya tura shi ƙungiyar Montreal a Kanada ya share fage. Robinson ya yi kaka ɗaya ce kawai a gasar baƙaƙe, kuma da yawa daga cikin abokan wasansa ba su ɗauke shi a matsayin wanda ya fi kowa ba. Sai dai yana da ilimin jami'a, ya yi aikin soja, yana da lafiya da haƙurin jure zagi. Gibson ya kusa shekara 34, jiki ya gaji. Ya rasu a Pittsburgh ranar 20 ga Janairu 1947 sakamakon shanyewar jiki, yana da shekara 35. Ranar 15 ga Afrilu Robinson ya shiga fili da rigar Dodgers. A 1949 baƙaƙe huɗu suka buga wasan zakaru na tsakiyar kaka a karon farko: Robinson, Larry Doby, Don Newcombe da Roy Campanella, wanda shi ma mai cafke ƙwallo ne da ya taso a gasar baƙaƙe.

An binne Gibson a maƙabartar Allegheny ba tare da alamar suna ba, sai a 1975 aka kafa wa kabarin allo. Shekara uku kafin nan, a 1972, an shigar da shi zauren girmama gwanayen besbol da ke Cooperstown, tare da Buck Leonard.

A Disamba 2020 hukumar manyan gasannin besbol ta amince cewa gasannin baƙaƙe bakwai da aka yi tsakanin 1920 da 1948 suna da matsayi ɗaya da nata. A Mayu 2024 aka zuba alƙaluman ƴan wasa fiye da 2,300 cikin kundin tarihi. Da aka sake lissafi, Ty Cobb, wanda ya riƙe matsayin farko kusan ƙarni guda da 367 cikin 1,000, ya sauka zuwa na biyu. Gibson ya hau da 372. A ma'aunin ƙarfin bugu ma ya wuce Babe Ruth, shekara 77 bayan rasuwarsa.