Abu Zaidu Albalkhi, Malamin Da Ya Gane Ciwon Waswasi

An haifi Abu Zaidu wajen shekarar 850 a wani ƙauye kusa da Balkh, cikin ƙasar Afganistan ta yau. Ubansa malamin makaranta ne. Ya tafi Bagadaza neman ilmi wurin Alkindi. Da ya komo, sarkin Balkh ya ba shi wazirci, ya ƙi, ya zaɓi aikin magatakarda.

Muna tunawa da shi saboda littafinsa, Masalihul Abdan wal Anfus. A ciki ya bayyana waswasi, watau mugun tunanin da ke ta komo wa mutum ba da sonsa ba, har ya hana shi sukuni. Ya nuna ciwo ne mai magani. Ya hori mai shi ya guji kaɗaici da zaman banza, ya nemi amini mai hankali wanda zai riƙa kwantar masa da rai.

Ya rasu a 934. Yau likitoci sukan ba da magani, su kuma koya wa mai ciwon jure wa tunanin ba tare da ya bi umurninsa ba. Saboda haka, in mun ga yaro a Baturiya ko Haɗejiya yana ta maimaita alwala, kada mu yi masa dariya. Mu kai shi asibiti.