Alexander Graham Bell (1847–1922): Malamin Kurame Da Ya Sa Waya Ta Yi Magana

Duk wanda ya yi zaman makarantar kwana kafin shigowar wayar hannu bai manta da wahalar aika saƙo gida ba. Idan garin kwaki da ƙuli-ƙuli suka yi ƙasa a akwati, sai ɗalibi ya yago takarda daga tsakiyar littafinsa ya rubuta wasiƙa, sannan ya shiga neman direban da zai bi ta Kankiya ko Kusada, ko wani ɗan kasuwa da zai wuce Kunduru. Amsa kuwa sai ranar da aka gan ta. Yau ga tsohuwa zaune a tsakar gida a Kunduru tana hira da jikanta da ke Legas, tamkar yana zaure. A wannan fitowa mun ga ya dace mu kawo tarihin mutumin da aka fi danganta wannan sauƙi da shi. Abin da zai ba mai karatu sha'awa shi ne, mutumin nan malamin makaranta ne, kuma aikin koyar da kurame ne ya kai shi ga ƙera wayar tarho.

Haihuwarsa Da Tasowarsa

An haifi Alexander Graham Bell ran 3 ga watan Maris, 1847, a birnin Edinbura na ƙasar Sikotilan. Gidansu gidan malaman lafazi ne. Kakansa yana koyar da iya magana a Landan, mahaifinsa kuma, Alexander Melville Bell, shi ya tsara wasu alamomi masu nuna yadda leɓe da harshe da maƙogwaro ke tsayawa wajen furta kowane sauti, domin wanda bai taɓa jin magana ba ya gani da ido ya kwaikwaya. Mahaifiyarsa Eliza kuwa ta soma rasa jinta tun yana yaro. Saboda haka ya koyi yi mata bayani da yatsu, ya kuma gano cewa idan ya matso da bakinsa kusa da goshinta ya yi magana da ƙasaitacciyar murya, takan fahimce shi ta hanyar girgizar da take ji. Daga nan ya soma gane cewa murya girgiza ce, kuma girgiza na iya bi ta cikin abu ta isa wani wuri.

A makaranta dai ba ya cikin 'yan gaba-gaba. Ya bar babbar makarantar Edinbura yana ɗan shekara 15 ba tare da wani sakamakon a-zo-a-gani ba, domin in ban da kimiyya babu darasin da ke jan hankalinsa. Amma tun yana da shekara 12 ya haɗa wa gidan abokinsa, masu injin niƙa, wata 'yar na'ura mai cire wa alkama ƙaiƙayi. Shekara guda da ya yi a Landan a wurin kakansa ita ta sa masa son karatu. Yana da shekara 16 ya soma koyar da lafazi da kiɗa a wata makaranta a garin Elgin. Malamanmu sun fi kowa sanin irin waɗannan yara da jarrabawa ba ta nuna baiwarsu.

Ciwon tarin fuka ya ɗauke ƙanensa a 1867, ya ɗauke wansa a 1870. Ganin shi ma ba shi da cikakkiyar lafiya, sai iyayensa suka tattara suka koma Kanada a shekarar 1870, suka zauna kusa da garin Brantford. A 1871 ya tafi birnin Boston na Amurka ya kama aiki a makarantar kurame, a 1873 kuma ya zama farfesa a Jami'ar Boston.

Daga Aji Zuwa Ɗakin Gwaji

A wancan zamani tangaraho ne sarkin aika saƙo. Shi tangaraho ba ya ɗaukar murya, lantarki ne kawai ake kunnawa ana kashewa, ma'aikaci a ɗaya ɓangaren ya fassara ƙwanƙwasar zuwa haruffa. Kamfanoni na neman wanda zai sa waya guda ta ɗauki saƙonni da yawa a lokaci ɗaya, domin kafa turaku da jan waya na cin kuɗi. Wannan Bell ya fara nema, da rana yana aji, da dare yana gwaji. Waɗanda suka ɗauki nauyinsa iyayen ɗalibansa ne guda biyu: Thomas Sanders, mai sana'ar fata, da lauya Gardiner Hubbard, wanda 'yarsa Mabel ta kurmance tana da shekara biyar bayan wani zazzaɓi mai tsanani.

A 1874 wani likita ya ba shi kunnen mamaci ya yi nazari a kai. Ya lura cewa dodon kunne, duk da rashin kaurinsa, yana iya motsa ƙananan ƙasusuwan da ke bayansa. Sai ya yi tunanin cewa siririn faifai ma zai iya motsa ƙarfe a gaban maganaɗisu. Ga yadda abin yake a taƙaice: idan mutum ya yi magana, iska na girgiza faifan, girgizar faifan a kusa da maganaɗisun da aka nannaɗe da waya tana haifar da lantarki mai hawa da sauka daidai da hawa da saukar muryar, lantarkin ya bi waya ya isa ɗaya gefen, ya girgiza wani faifan, shi kuma ya mayar da girgizar cikin iska, kunne ya ji magana. Ke nan abin da ke tafiya cikin waya kwafin murya ne da aka juya zuwa lantarki.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Bell yana da ilimin sauti, amma ba shi da ƙwarewar ƙira, don haka ya ɗauki wani saurayi makaniki mai suna Thomas Watson. Ran 2 ga Yuni, 1875, wani siririn ƙarfe ya maƙale a na'urarsu, Watson ya taɓa shi don ya saki, sai Bell da ke wani ɗaki ya ji amonsa ta cikin waya. Ran 7 ga Maris, 1876, hukumar Amurka ta ba shi takardar mallakar ƙirƙira mai lamba 174,465. Bayan kwana uku, wato ran 10 ga Maris, ya kira Watson ta cikin na'urar ya ce ya zo yana son ganinsa, Watson kuwa ya ji sarai ya zo. A lokacin Bell yana da shekara 29.

A watan Yunin shekarar ya nuna na'urar a babban bikin baje koli na Filadelfiya. Sarkin Birazil, Dom Pedro na Biyu, wanda ya riga ya san shi ta dalilin makarantar kurame, ya sa ta a kunne ya yi mamaki, abin da ya jawo hankalin sauran manyan baƙi. A watan Agusta aka ji murya daga Brantford zuwa wani gari mai nisan kimanin kilomita 13. A Yulin 1877 aka kafa kamfanin Bell, kwana biyu bayan haka ya auri ɗalibarsa Mabel, ya kuma ba ta kusan dukkan hannun jarinsa, ya bar wa kansa goma kacal. A Janairun 1878 ya nuna wa Sarauniya Biktoriya ta Ingila wayar, a cikin watan ne kuma aka buɗe ɗakin haɗa layi na farko na kasuwanci a garin New Haven da masu waya 21.

Rigimar Wane Ne Na Farko

Gaskiya ita ce ba Bell kaɗai ke wannan nema ba. Wani malamin makaranta Bajamushe, Philipp Reis, ya nuna na'ura mai aika sauti tun 1861. Wani ɗan Italiya mazaunin Amurka, Antonio Meucci, ya shigar da takardar sanarwar tasa ƙirƙirar a 1871, amma bai ci gaba da sabunta ta ba bayan 1874, ga shi kuma talauci ya yi masa katutu. Babbar rigima ita ce ta Elisha Gray, wanda takardarsa ta isa ofishin rajista ran 14 ga Fabrairu, 1876, rana ɗaya da ta Bell. Na'urar da Bell ya yi kiran farko da ita, mai amfani da ruwa, ta yi kama da wadda Gray ya zana, shi ya sa har yau masana tarihi ke muhawara a kan lamarin. An yi shari'u kusan 600 a kan wayar, kuma a 1888 Kotun Ƙolin Amurka ta tabbatar wa Bell haƙƙinsa. A 2002 Majalisar Wakilan Amurka ta zartar da ƙudurin karrama Meucci. Haka kuma muryar wayar Bell ta farko ba ta da ƙarfi, sai da aka samu maganar bakin waya mai garin gawayi, irin wanda Thomas Edison ya inganta, sannan hira daga nesa ta yi daɗin ji.

Sauran Ayyukansa Da Kuskurensa

Bell bai zauna cikin harkar kamfani ba, har ma ya ƙi yarda a sa masa waya a ɗakin nazarinsa don kada ta dame shi. A 1880 Faransa ta ba shi kyautar Volta ta faran 50,000, ya zuba ta a bincike. A shekarar ne ya aika murya ta cikin hasken rana zuwa nisan mita 213, dabarar da ake ganin ita ce kakar wayar gilashi mai ɗauke da intanet a yau. A 1881 ya haɗa na'urar neman harsashi a jikin Shugaba Garfield da aka harba, ko da yake ba a dace ba. Shi ne ya nuna wa iyayen Helen Keller, yarinya makauniya kuma kurma, makarantar da ta samar mata malama a 1887. A 1915 ya kira tsohon abokinsa Watson daga New York zuwa San Francisco, daga wannan gaɓar Amurka zuwa waccan.

To amma ɗan Adam tara yake bai cika goma ba. Bell ya dage cewa a koya wa kurame magana da baki da karatun leɓe, ya yi adawa da koyarwa da maganar hannu a makarantu. A 1883 ya gabatar da wata maƙala da ke nuna damuwa a kan yawan auratayya tsakanin kurame. Ra'ayinsa ya yi tasiri ƙwarai, aka shafe shekaru masu yawa ana hana yara kurame amfani da hannu a aji a Amurka. Daga baya masana suka tabbatar cewa maganar hannu cikakken harshe ce mai nahawunta, kuma kurame da yawa har yau ba su yafe masa wannan ba.

Ya rasu ran 2 ga Agusta, 1922, a gidansa da ke Nova Scotia a Kanada, yana da shekara 75, bayan fama da ciwon suga. An ruwaito cewa amsar ƙarshe da ya ba matarsa da yatsu ya ba ta. A ranar binne shi an dakatar da wayoyin Amurka da Kanada na minti ɗaya don girmama shi. Mabel ta bi bayansa cikin Janairun 1923.

Yadda Abin Ya Iso Mana

A 1886 aka haɗa Legas da Landan da wayar tangaraho ta ƙarƙashin teku, a 1893 kuma ofisoshin gwamnati a Legas suka samu tarho. Daga nan ne kalmomin waya da gidan waya suka shigo bakin Bahaushe. Lokacin samun 'yancin kai a 1960, layukan tarho a duk Nijeriya 18,724 ne. An kafa NITEL a 1985, amma har zuwa 2001 layukan da ke aiki ba su kai rabin miliyan ba. A watan Agustan 2001 wayar salula ta zamani ta fara aiki, zuwa 2012 layuka sun haura miliyan 100. Mutanen Jihar Katsina sun sake sanin darajarta a Satumbar 2021, lokacin da aka katse layuka a ƙananan hukumomi 13 saboda matsalar tsaro, har ta kai mutum sai ya yi tafiya kafin ya gaida danginsa.

Daga ƙarshe, mahaifiyar Bell da matarsa, waɗanda lalurarsu ta ɗora shi a kan wannan hanya, ba su ci moriyar wayarsa kamar sauran jama'a ba. Sai a zamaninmu ne saƙon rubutu da kiran bidiyo suka ba kurame damar yin hira daga nesa, da maganar hannun nan da ya yi adawa da ita. Ƙasar Hausa na da nata maganar hannu tun da daɗewa, akwai kuma makarantar kurame a Malumfashi da ta Tudun Maliki a Kano. Kusan kowannenmu ya san wani yaro kurma a unguwarsu ko ƙauyensu da aka bari a gida alhali tsaransa suna aji. Idan mun koma gida hutun Sallah, yana da kyau mu zauna da iyayen irin wannan yaro, mu nuna musu hanyar makaranta, wanda ke da hali kuma ya taimaka da kuɗin mota da na littattafai.