HUBERT OGUNDE: ƊAN SANDAN DA YA AJIYE KULKI YA ƊAUKI GANGA

Duk wanda ya taɓa kwana a Dabai ta ƙasar Zuru lokacin bikin Uhola, bayan an kawar da amfanin gona, ya san abin da ganga ke yi wa jama'a. Da ta tashi sai ka ga manomi da tsohon soja da malamin makaranta sun haɗu fage guda, ba mai tambayar wani muƙaminsa ko addininsa. Baƙon da bai ji ko kalma ɗaya ta harshen Dakarkari ba, shi ma sai ka ga yana kaɗa kai. To, yau za mu ba da labarin wani mutum can ƙasar Yarabawa wanda ya gane wannan asiri tun yana yaro, ya ɗauko kiɗa da waƙa daga dandali ya haɗa su da wasan kwaikwayo, ya mai da su sana'a, ya yi shekara 45 yana yawo da su cikin Nijeriya. Sunansa Hubert Ogunde.

An haife shi cikin 1916 a wani gari wai shi Ososa, kusa da Ijebu-Ode. Ubansa Kirista ne mai hidimar coci, kakansa na wajen uwa kuwa bokan gargajiya ne. Saboda haka yaron ya tashi tsakanin gida biyu, nan ya ji waƙoƙin coci, can ya ji kiɗan tsafi da kirari. Bai raina ko ɗaya ba, ya haddace duka. Da ya gama makarantar elementare sai ya zama malamin makaranta, yana kuma koya wa yara waƙa a coci. Ya yi wajen shekara 8 cikin wannan aiki, sa'an nan ya shiga aikin ɗan sanda cikin 1941, daga baya aka tura shi Ikko.

Yana cikin kakin ɗan sanda ne jama'ar cocinsu suka roƙe shi ya shirya musu wasa don su tara kuɗin gini. Cikin watan Yuni na 1944 aka nuna wasan a zauren Glover da ke Ikko, labarin Annabi Adamu da Hauwa'u ne. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne, 'yan wasan ba su tsaya wuri guda kamar mawaƙan coci ba, suna rera maganarsu ne, suna takawa, ganga na bin su. Jama'a suka yaba ƙwarai. Cikin 1945 sai Ogunde ya ajiye aikin Gwamnati, ya kafa ƙungiyarsa ta 'yan wasa mai suna African Music Research Party. Duk akawun da ya san daɗin albashin ƙarshen wata, da begen fansho, zai gane wannan ba ƙaramar kasada ba ce, domin kafin shi ba wani ɗan boko a Nijeriya da ya dogara ga wasan kwaikwayo kaɗai don cin abinci.

Ga yadda yake tsara wasansa. Kafin a fara labari sai 'yan wasa duka su fito su yi waƙar buɗe fage da rawa, su gai da jama'a, kamar yadda makaɗanmu kan fara da gaisuwa. Wannan ya gada ne daga masu wasan dodanni na Yarabawa da ke yawo gari gari tun zamanin da. Sa'an nan a shiga labari. Ba a cika rubuta kowace kalma ba, shi ne ke tsara ƙashin bayan labarin da waƙoƙinsa, 'yan wasa su yi ta bita har abin ya zauna musu. In magana ta yi nauyi sai waƙa ta ɗauke ta, in zukata suka yi zafi sai ban dariya ya sanyaya su. Daga ƙarshe kuma a yi waƙar sallama. Cikin 1947 ya tafi London ya koyo irin rawar Turawa, ya komo ya haɗa ƙahonninsu da gangunan gida. Yakan sa Yarabanci da Turanci da Turancin kasuwa gwargwadon garin da ya sauka, abin da harshe ya kasa isarwa kuwa kiɗa ya isar.

Wata babbar wahala da ya sha ita ce samun 'yan wasa mata. A wancan zamani iyaye na ganin abin kunya ne 'yarsu ta hau dandamali ta yi rawa gaban maza. Wannan na cikin dalilan da suka sa ya auri mata da yawa daga cikin 'yan wasansa, ƙungiyar ta zama kamar gida guda. Haka suke loda kaya cikin babbar mota, su bi garuruwa, su yi wasa a makarantu da gidajen silima da zaurukan taro. Sun zo Arewa sau da yawa. Gaskiya ne yawancin masu kallonsa a nan mutanen Sabon Gari ne, amma a cikinsu akwai babban akawu da lebura, mai Turanci da wanda bai taɓa riƙe alƙalami ba, duk sun biya kuɗin ƙofa, suna dariya lokaci guda, suna yin tsit lokaci guda.

To, a nan ne hukuma ta fara sa masa ido. Jarida sai mai karatu, amma waƙa kowa na iya tafiya da ita gida. Bayan babban yajin aikin ma'aikata na 1945 ya shirya wasa mai suna Strike and Hunger, wato yaji da yunwa. Da ya kai shi Jos cikin 1946 sai 'yan sanda suka hana, aka kai shi gaban shari'a aka ci shi tara. Cikin watan Nuwamba na 1949 'yan sanda suka harbe masu haƙar kwal 21 a Inugu, shi kuwa ya shirya wasan Bread and Bullet, wato burodi da harsashi. Da ya kawo wannan Kano aka hana shi nunawa, aka tuhume shi da neman ta da fitina. Tuhumar ba ta tabbata ba, sai dai aka ci shi tara don ya manna takardun talla ba da izini ba. Ashe tsohon ɗan sanda ya zama abin farautar abokan aikinsa na da.

Da aka sami mulkin kai cikin 1960 ya shirya wasan Song of Unity, watau waƙar haɗa kai, don murnar ranar. Amma ba a daɗe ba rigima ta ɓarke a Jihar Yamma tsakanin Cif Awolowo da Firimiya Akintola. Cikin 1964 Ogunde ya fito da wasan Yoruba Ronu, ma'anarsa kira ga Yarabawa su yi tunani. Labarin wani sarki ne da mataimakinsa ya ci amanarsa. Firimiya ya ga da shi ake, Gwamnatinsa ta hana Ogunde wasa ko'ina cikin Jihar Yamma, inda nan ne kasuwarsa take. Ya yi kusan shekara 2 cikin wannan ƙunci, sai cikin 1966 Gwamnan soja, Kanar Fajuyi, ya ɗage hanin. A nan akwai abin lura: wasan da aka yi don haɗa kai, waɗansu sun ɗauke shi goyon bayan ɓangare guda. Waƙa tana iya tara mutane, amma mai ita sai ya yi hattara da bakinsa.

Bayan wannan sunansa ya ƙara ɗaukaka. Cikin 1967 Gwamnati ta aika da ƙungiyarsa babban bajekolin duniya a Montreal ta ƙasar Kanada. Cikin 1979 ya shiga harkar silima da fim ɗinsa mai suna Aiye. Cikin 1986 Gwamnatin Tarayya ta ɗora masa aikin tattaro 'yan wasa daga jihohin ƙasar nan, ya tara su a garinsu Ososa, makaɗan Arewa da na Gabas da na Yamma suna koyon takun juna. Daga nan ƙungiyar wasa ta ƙasa ta samo tushe. Aikinsa na ƙarshe a nan Arewa ya yi shi, cikin fim ɗin Mister Johnson. Ciwo ya kama shi, aka kai shi asibiti a London, ya rasu ran 4 ga Afrilu, 1990. Ya bar wasanni fiye da 50.

Muna jawo hankalin malamai musamman ga wannan labari, domin Ogunde daga cikinsu ya fito. Mu ma ba mu rasa kayan aiki ba. Muna da wasan gauta da kalankuwa, da 'yan kama da 'yan gambara, ga kuma kaɗe-kaɗen Uhola. Malamin da ke Dabai ko Zuru, wanda ajinsa ya haɗa ɗan Badakkare da ɗan Bahaushe da ɗan Bafillace, in ya shirya musu ɗan wasa mai waƙa ranar taron iyaye, ya ba kowane yaro baiti cikin harshen gidansu, zai ga iyayen da ba su cika zama tabarma guda ba sun zauna. Allah Ya sa mu gane amfanin abin da ke hannunmu, amin.