Uwargida Anne Blunt, Mai Kiwon Dawakin Larabawa

An haifi Uwargida Anne Blunt a Ingila cikin shekarar 1837. Ita da maigidanta ne suka kafa bargar Crabbet a 1878, suka kuma ratsa hamada har Najadu wajen neman dawakin Larabawa na asali. Ta ƙware a Larabci, ba ta kuwa sayen doki sai ta bi salsalarsa ta tabbata babu gauraye. Da garken Ali Basha Sharif na Masar ya tasam ma watsewa, sai ta sayi zaɓaɓɓu daga ciki don kada irin ya ɓace. Ta rasu a Alƙahira a 1917. Har yau zuriyar ingarmanta Mas'ud tana cin gasar nunin dawaki a ƙasashe da dama.