EDWARD BARNARD, MARAYAN DA YA ƊAUKI HOTON TAURARI

Duk wanda ya taɓa kwana a tsakar gida da bazara, ya farka cikin dare sau biyu ko uku, ya san taurari ba su tsayawa wuri guda. Wanda ya bari bisa kansa da lisha, kafin asuba sai ya tarar ya gangara yamma. Dalili kuwa duniya ce ke juyawa da mu, sau ɗaya cikin dare da yini. To, in mutum ya kafa akwatin ɗaukar hoto ya fuskantar da shi sama, ya buɗe idonsa ya bar shi awa ɗaya ko biyu, ba zai sami taurari ɗigo-ɗigo a hoton ba. Kowane tauraro sai ya ja layin haske, kamar yadda a kan gani in yaro ya kaɗa bakin wuta cikin duhu. In arewa aka fuskanta, layukan sai su lanƙwashe su kewaye tauraron nan na arewa wanda ba ya gusawa sai kaɗan, cikin awa 6 kowanne ya ci rubu'in da'ira.

Irin wannan hoto yana da ban sha'awa, har yau akwai masu kwana a daji dominsa. Amma ga masanin falaki hasara ne, gama hasken tauraro ya watse bisa tsawon layin, ƙanana masu dishi-dishi kuwa ba su fita ko kaɗan. Abin da shi ke bukata, kowane tauraro ya tsaya cik a gurbi guda bisa gilashin hoto, haskensa ya yi ta taruwa kamar yadda ɗigon indararo kan cika tulu. Ido ba ya tara haske. Abin da bai gani ba yanzu, ko ya kwana yana kallo ba zai gani ba. Gilashin hoto kuwa yana tarawa. Sai dai kafin a sami haka, dole wani ya zauna ya yi ta bin taurari da akwatin daidai da tafiyarsu, ba gyangyaɗi, har tsawon dare. Cikin mutanen da suka yi suna wajen wannan aiki, Edward Barnard yana kan gaba.

An haifi Edward Emerson Barnard ran 16 ga Disamba 1857 a Nashville, babban birnin jihar Tennessee ta ƙasar Amurka. Bai san ubansa ba, don ya rasu tun yana ciki. Yana da shekara uku yaƙin basasa ya ɓarke a ƙasar, garinsu kuwa ya sha wuya, abinci ya yi tsada, uwar ba ta da kome. Duk zamansa a makaranta yana yaro bai wuce wata biyu ba. Uwarsa ce ta koya masa karatu a gida.

Yana gab da cika shekara tara aka kai shi aiki wurin wani mai ɗaukar hoto, sunansa Van Stavoren. A zamanin ba wutar lantarki, sabo da haka in za a ƙara girman hoto da hasken rana a ke yi. Akwai wani ƙaton akwati bisa rufin shagon, sun sa masa suna Jupiter, watau Mushtari, wanda ke tattara hasken rana ya zuba shi bisa takardar hoto. Rana kuwa tafiya ta ke yi, don haka sai an sa yaro ya riƙa juya akwatin yana binta. In yaron ya yi barci, hasken da aka tattara sai ya kauce ya faɗa bisa katako, yana iya ta da gobara. Yaran da aka gwada kafinsa barci ya sha kansu. Barnard ya riƙe aikin, rani da damina, bai gaza ba. Ya yi shekara 17 a shagon nan, ya koyi haɗa magungunan wanke hoto da duk sirrin sana'ar. Ba shi da labarin cewa bin ranar nan da ya ke yi don ya sami abin kai wa uwarsa, shi ne aikin da zai yi da taurari har ya tsufa.

Wata rana wani ya ranci 'yan kuɗi wurinsa, ya bar masa littafi jingina, bai kuwa komo ba. Littafin na wani mutumin Sikotilan ne, Thomas Dick, a kan ilmin taurari, da taswirar sama a ciki. Kada mai karatu ya ɗauka duba a ke nufi. Wannan ilmin auna taurari ne, da sanin nisansu da tafiyarsu. Daga nan ya san sunayen taurarin da ya daɗe yana kallo bai san ko su wane ne ba. A 1876 ya sayi madubin hangen nesa mai faɗin inci 5 a kan dala 380, wajen kashi biyu cikin uku na abin da ya ke samu a shekara. Da shekara ta kewayo aka yi taron masana a Nashville, ya sami ganin Simon Newcomb, babban masanin falaki na Amurka a lokacin. Newcomb ya nuna masa cewa wanda bai san lissafi ba ba shi da rabo a wannan fanni. Saurayin ya fita ya raɓe bayan wani ginshiƙi ya yi kuka. Da ya share hawaye sai ya nemi mai koya masa lissafi, yana biyansa daga ɗan albashinsa.

A 1881 ya auri Rhoda Calvert, mutuniyar Ingila, 'yar'uwar abokan aikinsa. A shekarun nan wani attajiri mai sayar da magani, H. H. Warner, ya sa ladan dala 200 ga wanda ya fara gano sabuwar tauraruwa mai wutsiya. Barnard ya ga wata a watan Mayu na 1881, amma ta ɓace kafin wani ya shaida, ladan ya kuɓuce masa. A watan Satumba ya gano wata, aka tabbatar, aka biya shi. Da kuɗin ya soma gina gida, saura kuma bashi. Da rana yana shago, da dare yana waje yana laluben sama, gama in wa'adin biya ya zo ba shi da wata madogara sai tauraruwa mai wutsiya. Sau biyar yana cin ladan nan, har mutanen gari suka sa wa gidan suna Gidan Tauraruwa Mai Wutsiya. A 1883 Jami'ar Vanderbilt ta garinsu ta ɗauke shi, yana karatu yana kuma lura da ɗan ɗakin duban taurarinta, har 1887.

Daga nan aka kira shi sabon ɗakin duban taurari na Lick, bisa dutsen Hamilton a Kalifoniya, mai tsawon ƙafa wajen 4,200. An buɗe shi a 1888, da madubi mai faɗin inci 36, wanda a lokacin babu irinsa da ya kai shi. Amma shugaban wurin, Edward Holden, bai ba shi rabon dare a babban madubin ba. Sun daɗe ba su ga maciji da juna, Barnard kuwa shi ma mutum ne mai saurin jin zafi, ba ya haɗiye abin da ya ga an ƙware shi. Sai a tsakiyar 1892 aka ba shi dare ɗaya a mako. Wata uku ba su cika ba, ran Juma'a 9 ga Satumba da dare, ya hangi wani ɗan ƙyalli kusa da Mushtari. Ashe wata ne na biyar mai kewaya shi. Tun da Galileo ya ga huɗu a 1610 ba wanda ya ƙara ko ɗaya. Ana kiransa Amalthea, shi ne kuma wata na ƙarshe da aka gano da ido ta cikin madubi. Duk na bayansa a hoto aka same su.

Wannan ya sa sunansa ya cika duniya. Amma a ganinmu aikinsa mafi girma da ƙaramin abu ya yi shi, cikin shekarun da aka hana shi babban. Akwai wata tsohuwar ƙwayar gilashi mai faɗin inci 6, wadda asali don hoton mutane aka yi ta, ta gama aikinta a wani shago a San Francisco. Tsohon yaron mai hoto ya san darajarta: tana kama fili mai faɗi, tana kuma shan haske da sauri. A 1889 ya fuskantar da ita ga farin zanen nan mai kamar hayaƙi da ke ratsa sama a daren da babu wata, wanda Larabawa ke kira Majarra, Turawa kuwa su ce hanyar madara.

Ga yadda aikin ya ke. Akwai agogo mai nauyi da ke juya madubin sannu a hankali daidai da juyawar duniya. Amma ba agogon da ba ya kuskure, iska kuma ta kan karkatar da haske. Don haka a kan ɗaura wani madubi a jikin akwatin, a gicciya zare biyu sirara a cikinsa. Mai aiki zai zaɓi tauraro guda ya ɗora shi a mahaɗar zaren, ya kafa masa ido, da ya ga ya gusa sai ya mai da shi da hannu. Haka zai yi awa uku, wani lokaci huɗu ko biyar. In ya yi gyangyaɗi na ɗan lokaci, kowane tauraro cikin dubbai zai fito da ɗan jela, aikin dare ya lalace. Hotunan Barnard sun fito da taurari kamar an watsa gero, suka nuna Majarra tarin taurari ce curi-curi kamar gajimare, abin da ido bai taɓa gani haka ba.

Sa'ad da aka tsai da taurari a hoto, duk abin da ke yawo a tsakaninsu shi ne zai ja layi, ya tona kansa. Ta haka Max Wolf na Jamus ya gano wani ƙaramin dutse mai kewaya rana a 1891. Ta haka kuma Barnard, a watan Oktoba na 1892, ya ga wani ɗan zane a gilashinsa, ya bincika ya tarar tauraruwa mai wutsiya ce, ta fari da aka gano ta hanyar hoto.

A 1895 ya bar Lick ya koma Jami'ar Shikago, wadda ke gina ɗakin duban taurari na Yerkes a jihar Wisconsin, da madubi mai faɗin inci 40. Ƙasa ce mai tsananin sanyi, ruwa kan daskare, ga shi ba a hura wuta a ɗakin madubi don zafi na ɓata gani. Ya kan sa rigar fatar barewar ƙasashen ƙanƙara ya kwana a tsaye. Wata attajira, Catherine Bruce, ta ba da kuɗi aka yi masa madubin hoto mai faɗin inci 10, wanda ya ɗauka ya kai dutsen Wilson a Kalifoniya a 1905, ya yi watanni yana ɗaukar Majarra inda sama ta fi tsabta.

Cikin hotunan nan akwai abin da ya dame shi shekara da shekaru. Tsakiyar tarin taurari sai a ga wani baƙin tabo, ko wata baƙar hanya mai kwane-kwane, ba tauraro ko ɗaya. William Herschel na Ingila, tun ƙarni guda kafin nan, ya ɗauka ramuka ne a sama, Barnard ma da fari haka ya ɗauka. A 1894 wani Bature mai buga hotunansa a Ingila, A. C. Ranyard, ya kawo hujja: in ramuka ne, to, sai kowanne ya zama dogon kwararo da ya ratsa taurari duka, bakinsa kuma yana fuskantar duniyarmu daidai, ga su kuwa da yawa. Ya fi kusa da hankali a ce wani abu baƙi ne ya tsaya tsakaninmu da taurarin ya kare su. Barnard bai karɓa nan da nan ba. Ya yi ta kai da kawowa, ya karkata nan a wannan takarda, ya ja baya a ta gaba. Wasu na iya ganin jinkiri ne, amma mutumin da ya koyi kome da idonsa ba ya sakin magana sai idon ya gamsu. Ya lura gefen waɗansu tabunan kaifi gare shi, waɗansu kuma sun haɗe da gajimare mai haske kamar jiki ɗaya. A 1919 ya buga jerin irinsu guda 182, ya tsaya a kan cewa da yawansu baƙin gajimare ne. Yau an tabbatar ƙura ce da iska mai tsananin sanyi, a cikinsu kuma sababbin taurari ke tsirowa. Har yanzu da lambobinsa a ke kiransu. Mai kama da kan doki shi ne Barnard 33.

A 1916, yana gwada sabon hoto da wanda aka ɗauka a 1894, ya ga wani ɗan jan tauraro ya sake wuri. Babu tauraron da aka sani mai saurin gusawa a sama kamarsa, ko da ya ke sai ya yi shekara wajen 180 kafin ya ci faɗin wata. Haskensa kan yi shekara 6 kafin ya iso mu. Ana kiransa Tauraron Barnard, a 2024 kuma aka tabbatar akwai wata 'yar duniya mai kewaya shi.

Ciwon sukari ya kama shi a 1914, likitoci suka hana shi babban madubi shekara guda, abin da ya fi ciwon yi masa zafi. Burinsa na ƙarshe ya tara zaɓaɓɓun hotunansa 50 cikin littafi. Bai yarda injin ɗab'i ya buga su ba, don ba zai fid da bambancin duhu da duhu ba. Sai aka wanke kowane hoto a takardar hoto ta ainihi, littafi 700, watau hoto 35,000, ya kuwa bi su ɗaya-ɗaya da idonsa, wanda bai gamshe shi ba ya mayar a sake. Matarsa Rhoda ta rasu a 1921, bayan shekara 40 suna tare, daga nan ƙarfinsa ya soma ƙarewa. Ya rasu ran 6 ga Fabrairu 1923, yana da shekara 65, aka kai shi Nashville aka binne. Littafin bai fito ba sai 1927. Edwin Frost, shugaban Yerkes, da Mary Calvert, 'yar ɗan'uwan matarsa wadda ta daɗe tana yi masa lissafi, su suka ƙarasa shi.