Jon Postel, magatakardan intanet da ya taɓa gwada ƙarfin gwamnatin Amurka

An haifi Jon Postel ranar 6 ga Agusta, 1943, a jihar Kalifoniya ta Amurka. Yana ɗalibi a jami'ar UCLA aka jona kwamfutar farko ga ARPANET, kakar intanet, a 1969, kuma da shi aka yi aikin. Bayan 'yan shekaru ya zama editan kundin ƙa'idojin sadarwa da ake kira RFC, ya riƙe shi har ƙarshen rayuwarsa.

A 1977 ya rubuta takarda yana sukar yadda aka ɗora wa ƙa'idar TCP kaya biyu, ya nemi a raba aikin hawa-hawa. Haka aka yi. IP ta ɗauki adireshi da tura ƙunshin bayanai daga zango zuwa zango, TCP kuma ta tsaya a bakin mai aikawa da mai karɓa tana ƙirga abin da ya iso, tana neman a sake turo wanda ya ɓata. Ɗan kasuwar Bagudo mai aika buhuna zuwa Segbana ta Jamhuriyar Benin ya san wannan tsari tun kafin ya riƙe waya. Mai kwalekwale ya tsallakar da kaya Kogin Neja, direba ya bi da su ta Tsamiya, babu ruwansu da abin da ke cikin buhu, sai inda za a sauke. Ƙirga kuwa tsakanin mai kaya ne da mai karɓa.

Wannan rabon aiki shi ke bayyana abin da ya faru a 2021. Da gwamnatin Najeriya ta toshe Twitter a watan Yuni, hawan sama ta taɓa, matasa suka zagaye ta da VPN. Da aka kashe layukan waya a Zamfara a watan Satumba, hawan ƙasa aka datse, ba dabarar da ta yi amfani.

Postel ne kuma ke raba sunayen ƙasashe, irin su .ng na Najeriya da .bj na Benin. Ya ƙi zama alƙalin wace ce ƙasa, ya jingina da jerin hukumar ISO, matakin da ya kare shi daga rigingimu masu yawa.

Ranar 28 ga Janairu, 1998, ya nemi masu kula da takwas daga cikin manyan kwamfutocin da ke riƙe da tushen sunayen intanet su koma ɗaukar bayani daga tasa, maimakon ta kamfanin Network Solutions mai kwangila da gwamnati. Suka bi, don girman da suke ba shi. Ya kira abin gwaji, amma Ira Magaziner, mashawarcin Shugaba Clinton, ya sa aka mayar da komai yadda yake cikin 'yan kwanaki.

Postel ya rasu ranar 16 ga Oktoba, 1998, bayan tiyatar zuciya, yana da shekara 55. Ƙungiyar ICANN, wadda aka kafa a wannan shekara, ta gaji aikinsa.