Imam Abu Hanifa, malamin da aka yi wa tayin alƙalanci ya zaɓi rumfarsa da ɗalibansa

'Yan uwa, akwai halin da mutum kan shiga: an kira shi an ba shi aiki mai albashi da girma, ga kuma wata sana'a ko wata dama a hannunsa, ya rasa wanda zai riƙe da wanda zai saki. Yau bari mu duba rayuwar wani babban malami da wannan jarrabawa ta same shi har sau uku, ta ƙarshen kuma ita ce ta kai shi kurkuku inda ajali ya riske shi.

Sunansa Nu'uman ɗan Sabit, amma duniya ta fi saninsa da Abu Hanifa. An haife shi a birnin Kufa ta ƙasar Iraƙi a shekara ta 80 bayan hijira. Asalin kakanninsa Farisawa ne. Gidansu gidan kasuwanci ne, shi ma ya tashi yana sayar da wani yadi mai tsada da ake saƙawa da alharini. Yana da shago sananne a Kufa, yana da abokan hulɗa da ke kai masa kaya garuruwa. An ruwaito cewa babban tabi'in nan Sha'abi ne ya lura da kaifin basirarsa yana saurayi, yana yawan zirga-zirga zuwa kasuwa, sai ya ba shi shawarar ya riƙa zama wurin malamai. Ya karɓi shawarar, amma fa bai rufe shagon ba. Ku riƙe wannan, domin shi ne zai yi masa rana nan gaba.

Ya lazimci malamin fiƙihun Kufa, Hammad ɗan Abu Sulaiman, har shekara 18. A tsakiyar wannan zama ne zaɓin farko ya zo masa. Bayan kimanin shekara goma yana karatu, zuciyarsa ta fara raya masa cewa ai lokaci ya yi da zai buɗe majalisinsa shi ma. Sai ga tafiya ta kama malamin zuwa Basra, ya bar shi a madadinsa na wata biyu. A cikin wannan lokaci aka kawo masa mas'aloli kusan 60 waɗanda bai taɓa jin hukuncinsu daga malamin ba. Ya amsa, ya kuma rubuta amsoshin ya ajiye. Da Hammad ya dawo ya duba, ya yarda da 40, ya saɓa masa a 20. Nan take Abu Hanifa ya gane cewa kujerar da yake hange ba ta nuna ba tukuna, ya ƙudurta ba zai rabu da malaminsa ba sai mutuwa ta raba. Haka kuwa aka yi. Hammad ya rasu a shekara ta 120, mutanen Kufa da kansu suka zaunar da Abu Hanifa a wurinsa, yana ɗan shekara 40.

Daga nan rayuwarsa ta tsaya a kan ƙafa biyu, kasuwa da karantarwa. Kasuwancin nasa kuwa na mai tsoron Allah ne. An ruwaito cewa ya taɓa aika wa abokin cinikinsa Hafsu ɗan Abdurrahman kaya, ya gaya masa akwai aibi a wani yadi, ya bayyana wa mai saye. Hafsu ya manta ya sayar, bai kuma san wanda ya saya ba. Da labari ya zo wa Abu Hanifa sai ya sadakar da kuɗin kayan gaba ɗaya. Daga ribar shagon nan yake ciyar da ɗalibai, yana yi wa malamai sutura. Ɗalibinsa Abu Yusuf ɗan talakawa ne, iyayensa suna so ya bar karatu ya nemi na abinci, Abu Hanifa ya ɗauki nauyinsa shekara da shekaru.

Tayi na biyu ya zo ne a ƙarshen mulkin Banu Umayya. Gwamnan Iraƙi a lokacin shi ne Yazidu ɗan Umar ɗan Hubaira, a zamanin halifa Marwan ɗan Muhammad. Ƙasa ta rikice, tawaye ta ko'ina, gwamna yana neman malamai su tsaya kusa da shi don jama'a su natsu. Ya tara fuƙaha'un Kufa ya rarraba musu muƙamai, irin su Ibnu Abi Laila da Ibnu Shubruma suka yi aiki da hukuma. Shi kuwa Abu Hanifa, wasu ruwayoyi sun ce alƙalanci aka ba shi, wasu sun ce hatimin gwamna aka so a damƙa masa, ta yadda babu takardar da za ta fita, babu kuɗin da za a cire daga baitulmali sai da sa hannunsa. Ka ga ai muƙami ne da mutane za su yi rububi a kai. Abokansa malamai suka roƙe shi ya karɓa don ya tsira da ransa. Ya ƙi, ya kuma faɗi dalilinsa a fili: gwamna zai iya rubuta umarnin kashe wani bawan Allah bisa zalunci, shi kuma a ce shi ne zai buga hatimi a kai.

Aka kama shi aka yi masa bulala. Ruwayar da ta fi shahara ta ce bulala 110, goma kowace rana. An ce abin da ya fi yi masa ciwo a lokacin shi ne baƙin cikin da mahaifiyarsa ta shiga, fiye da zafin dukan. Da aka sake shi sai ya bar garin ya tafi Makka a shekara ta 130. Bayan shekara biyu kacal, a 132, daular Banu Umayya ta faɗi, shi kansa Ibnu Hubaira aka kashe shi a Wasiɗ. Kujerar da aka doke shi saboda ya ƙi ta, ko shekara uku ba ta ƙara ba.

Ya dawo Kufa a zamanin Abbasiyawa ya ci gaba da darasi da ciniki. Sai tayi na uku, wanda ya fi duka girma. Halifa Abu Ja'afar Mansur ya fara gina Bagadaza a shekara ta 145, shekarar da Muhammadu Nafsuz Zakiyya da ɗan'uwansa Ibrahim, jikokin Sayyidina Hasan, suka yi masa bore. An san zuciyar Abu Hanifa tana tare da Ahlul Baiti, don haka masu tarihi da yawa suna ganin tayin alƙalancin da Mansur ya yi masa har da gwaji a ciki, a ga ko yana tare da gwamnati. Ya nemi a yafe masa, ya nuna shi bai dace da aikin ba. Halifa ya ƙaryata shi. Sai ya kafa masa hujja da maganar tasa: in dai shi maƙaryaci ne kamar yadda halifa ya faɗa, to maƙaryaci bai cancanci alƙalanci ba, in kuwa gaskiya ya faɗa, to ya riga ya ce bai dace ba. Ya kuma bayyana cewa alƙali sai wanda zai iya yanke hukunci a kan halifa da 'ya'yansa da manyan sojojinsa. Mansur ya rantse sai ya yi masa aiki, shi ma ya rantse ba zai yi alƙalanci ba. Wasu masu tarihi sun ce saboda rantsuwar halifa ya yarda ya kula da ƙidayar tubalin ginin birnin, yana auna jerin tubali da kara maimakon ƙirga ɗaya bayan ɗaya. Ƙirga tubali dai ba ya taɓa jinin kowa ko dukiyar maraya. A ƙarshe aka tsare shi, ya rasu a Bagadaza a shekara ta 150, yana da shekara 70, shekarar da aka haifi Imam Shafi'i. Saboda yawan jama'a sai da aka maimaita sallar jana'izarsa sau da dama. Kabarinsa yana unguwar da ake kira A'azamiyya har yau.

To, kada wani ya karanta wannan ya ce aikin gwamnati haramun ne, ko karɓar muƙami aibi ne. Abu Yusuf ɗin nan da ya raina da kuɗinsa ya yi alƙalanci ga halifofi uku, Mahdi da Hadi da Haruna Rashid, shi ne kuma na farko da aka kira alƙalin alƙalai. Ya rubuta wa Haruna littafin Kharaj a kan haraji da dukiyar jama'a, ya buɗe shi da nasiha mai zafi a kan zalunci. Muhammadu ɗan Hasan Shaibani ya yi alƙalanci a Raƙƙa. Ta hanyar waɗannan ɗalibai ne mazhabar ta bazu. Kafin su duka, Annabi Yusuf (AS) da kansa ya nemi a ɗora shi a kan taskokin Masar domin ya san zai iya riƙe amanar. Malami ya ƙi, ɗalibi ya karɓa, kowanne ya auna zamaninsa da wanda zai yi wa aiki da ƙarfin zuciyarsa.

Wannan awon shi ne abin da ya kamata mai takardar ɗaukar aiki a hannu ya koya. Mu yawanci albashi muke fara tambaya, da mota, da gida. Abu Hanifa ya fara da tambayar me za a sa shi ya sa wa hannu, kuma ranar da gaskiya ta ci karo da son ran maigida, zai iya tsayawa ko ba zai iya ba. Ɗan'uwa, kafin ka saki aikin da kake yi ko ka ƙi ɗayan da kake jira, bincika waɗannan. Tambayi waɗanda suka riga ka zama a wurin. Duba ko aikin zai bar ka da sallarka da iyalinka da karatunka. Sannan ka gwada kanka kamar yadda ya gwada kansa da mas'aloli 60, domin wani matsayin girmansa ne ke ruɗar mutum alhali bai kai ba.

Abu na gaba, dubi yadda ya ba da amsa. Bai karɓa da baki yana shirin guduwa ba, bai ja su da gobe ko jibi ba. Yau sai ka ga mutum ya sa hannu a wuri, an ba shi ranar fara aiki, an sallami sauran masu nema saboda shi, da ɗayan wurin ya kira sai ya kashe waya. Wannan saɓa alƙawari ne, kuma mun san Manzon Allah (SAW) ya lissafa shi cikin alamomin munafunci. In kana jiran amsar wani wuri, nemi a ba ka kwanaki ƙididdigaggu ka yi shawara da istihara. In ka yanke, sanar da wanda ka bari da wuri, cikin mutunci da godiya, don ya nemi wani.

Sai kuma maganar shagon nan. Abin da ya ba Abu Hanifa bakin cewa a'a ga gwamna da halifa, bayan tsoron Allah, shi ne abincinsa ba a hannunsu yake ba. An san shi da mayar da kyautar sarakuna. Wanda ba shi da komai sai albashi, ranar da aka miƙo masa takardar ƙarya, tunanin kuɗin haya da na makarantar yara ne zai fara zuwa masa. Don haka ko ka karɓi aikin ofis, kada ka raina ɗinkin da ka iya, ko gonar gado, ko ɗan jarin da kake juyawa.

An ruwaito cewa Imam Ahmad ɗan Hambal, bayan shi ma ya sha bulala a fitinar halittar Alƙur'ani, idan aka ambaci dukan da aka yi wa Abu Hanifa sai ya yi kuka ya roƙa masa rahama. Allah ya jiƙan Imam Abu Hanifa da sauran malamanmu. Wanda ke tsakanin ayyuka biyu a yanzu, Allah ya zaɓa masa mafi alheri ga addininsa da rayuwarsa, wanda ke nema kuma Allah ya buɗa masa ta halal. Amin.